Yadda Ake Haɗa Karawar Ces Tsakanin Gwani da Kwamfuta Ba Tare da Rigima Ba

Na taɓa yin alƙalanci a wata 'yar karawa da muka haɗa a kulob ɗinmu na ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai. Gwaninmu ya zauna gaban kwamfutar tafi-da-gidanka, aka yi bismillah, ba mu rubuta ƙa'ida ko ɗaya ba. Ana tsakiyar wasa na biyu caji ya ƙare. Yaron da ke kula da na'urar ya sungume ta ya shiga ɗaki neman soket, sai bayan minti goma ya fito. Da gwanin ya sha kaye, ya miƙe tsaye ya ce wallahi an taɓa ta a ciki. Abin yana yi mini ciwo har yau, domin ba ni da hujjar da zan wanke yaron da ita, kuma sun daɗe ba sa ga-maciji. Shi ya sa na koma na bi tarihin manyan karawa, in ga inda su ma suka yi tuntuɓe.

Ka fara da tambayar da ta fi kowace nauyi: wa ke da izinin taɓa na'urar, kuma a wane lokaci? A nan ne aka samu saɓani a birnin New York a watan Mayun 1997, lokacin da Garry Kasparov, zakaran ces na duniya a wancan zamani, ya sake haɗuwa da Deep Blue, kwamfutar kamfanin IBM, wadda ya doke da ci 4–2 a Philadelphia shekara guda kafin nan. Ƙa'idar karawar ta yarje wa injiniyoyi su gyara manhajar tsakanin wasa da wasa. A wasa na biyu na'urar ta ƙi wawurar abin da ake zaton kowace kwamfuta za ta wawura, ta yi wani taku mai natsuwa irin na tsohon gwani. Kasparov ya yi zargin akwai hannun mutum, ya nemi a ba shi bayanan lissafin da ta yi, ba a ba shi nan take ba. Daga baya IBM ta sa su a intanet, amma a lokacin bakin alƙalami ya bushe: ya faɗi wasa na shida cikin taku 19, an tashi 3½–2½, ya nemi a sake karawa kamfanin ya ƙi.

Ni ban yarda an yi maguɗi ba. Amma mutumin da zargi ya shiga zuciyarsa ba ya ƙara buga wasan kirki, kuma laifin na masu shiri ne da suka bar ƙofar zargin a buɗe. Don haka ka rubuta, kowa ya sa hannu: na'ura tana zaune a idon alƙali tun daga farko har ƙarshe, in ta tsaya, a gabansa za a tayar da ita, da an gama kowane wasa, a miƙa masa bayanan lissafinta.

Sai batun sanin abokin karawa. Masu Deep Blue, da taimakon gwanaye irin su Joel Benjamin, suna da wasannin Kasparov na shekara da shekaru a hannunsu, shi kuwa da ya nemi nata na baya-bayan nan aka hana shi. Vladimir Kramnik, gwanin da ya karɓe kambun duniya daga hannun Kasparov, ya ɗauki darasi. Kafin ya kara da manhajar Deep Fritz a Baharain a 2002, sai da aka ba shi kwafin manhajar ya yi atisaye da ita, aka kuma taƙaita sauye-sauyen da za a iya yi mata. An tashi kunnen doki, 4–4. Wasu sun ce an shagwaɓa shi. A ganina adalci ne kawai, tunda ita ta san shi ciki da bai. A birnin Bonn na Jamus a 2006 ma an ƙara masa: muddin na'urar tana ɗebo takunta daga kundin buɗe wasa, wato jerin takun farko da aka adana mata, yana da damar kallon allonta. Duk da haka ya faɗi 4–2, har a wasa na biyu ya kasa ganin tarkon da ya kashe masa sarki da taku ɗaya tak. Mutum yana gajiya, inji ba ya yi, saboda haka ka sa ranar hutu tsakanin wasanni kamar yadda aka yi a can.

Ka kuma bayyana tun da wuri yadda ka zaɓi manhajar. Zagayen neman wadda za ta fuskanci Kramnik, wanda aka yi a Cadaqués ta Sifaniya a 2001, tsakanin Fritz da Junior kaɗai aka buga shi. Shredder, mai riƙe da kambun duniya na kwamfutoci, ba ta ciki, kuma an sha ce-ce-ku-ce a kan haka.

Kada ka cusa kwamfuta cikin gasar mutane ba da yardarsu ba. An sa Fritz a gasar ƙasar Holan ta 2000, Paul van der Sterren ya ƙi zama da ita, ya gwammace a rubuta masa faɗuwa.

Yau kuma ƙarfi ba ɗaya ba ne. Tun 2005 kwamfutar Hydra ta lallasa gwani Michael Adams 5½–½ a Landan, kuma a 2016 manhajar Komodo ta doke gwani Hikaru Nakamura 2½–1½ bayan an ba shi fifiko a kowane wasa. In kana son 'yan kallo su ga karawa ta gaske, ku daidaita a kan abin da na'urar za ta sarayar: soja, ko doki, ko lokaci. Mu yanzu doki guda muke cire mata. Mai tura mata 'ya'ya ba ya magana, ba ya tayin canjaras sai ta bakin alƙali. Takardar ƙa'idar shafi ɗaya ce, ina karanta ta da ƙarfi kafin a danna agogo, kuma ba ma farawa sai na ga caji ya cika, an jona waya a bango kusa da teburin.