Yadda Ake Tsara Sandar Aiki Don Buɗe Manhajoji Da Sauyawa Tsakaninsu

Sandar aiki, wato zirin nan da ke kwance a gindin allon kwamfuta ɗauke da tamburan manhajoji, abu biyu take yi. Tana buɗe manhajar da ke rufe, tana kuma mayar da mutum kan wadda ya bari a buɗe. Mai kwamfuta yakan kai hannu gare ta ba adadi a wuni guda, yawanci ma ko kallonta ba ya yi. Saboda haka duk tsarin da zai sa shi ya tsaya yana lalube ya gaza, komai kyawunsa a ido. Idan kana shirin ƙera taka, ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: Tambari ɗaya ko biyu?

Fara da wannan, domin sauran duk a kansa za su hau. A Windows 95 kowace taga, wato filin da manhaja ke bayyana a allo, tana da maɓallinta mai ɗauke da sunanta, buɗe manhaja kuma sai ta maɓallin Start. A 1997 aka ƙaro Quick Launch, wani ɗan jerin tambura na buɗewa kawai, sai manhaja ɗaya ta riƙa fitowa wuri biyu a sanda guda. Apple bai bi wannan hanya ba. Dock ɗinsa, wato tasa sandar, wanda ya gado daga tsarin kwamfuta na NeXTSTEP ya sa a Mac OS X a 2001, tambari ɗaya yake ba manhaja, shi ne na buɗewa, shi ne na komawa. Microsoft ma nan ya dawo a Windows 7 a 2009.

Ni dai tambari ɗaya nake ganin ya fi. Amma yana da tsada: sunayen tagogi sun ɓace, kuma mai takardu biyar a buɗe ba ya sanin wacce ce wacce sai ya leƙa. Ka bar masa zaɓin raba tagogi da nuna sunayensu. Windows 11 ta fito a 2021 babu wannan zaɓi, aka yi ta ƙorafi har aka dawo da shi a 2023.

Mataki na 2: Kada tambari ya bar inda yake

Nan ne zuciyar aikin. Bayan ɗan lokaci hannun mutum ne yake haddace wurin kowane tambari, kamar tela da ke ɗaukar almakashinsa idonsa na kan ɗinki. Ranar da ka matsar da tambarin, ka ƙwace masa wannan haddar.

To, ka jera manhajojin da mutum ya kafe da kansa daga farkon sanda, bisa jerin da ya zaɓa, kuma ka bar shi ya ja su ya sake musu wuri in ya so. Waɗanda ba a kafe ba amma suna buɗe su biyo baya, kowace a bayan wadda ta riga ta buɗewa. Manhajar da aka kafe idan ta buɗe, ta zauna a gurbinta, kada ta koma ƙarshen layi.

Akwai wata dabara mai ruɗi da kan faɗo wa masu tsarawa, wai a riƙa kawo manhajar da aka yi amfani da ita yanzu-yanzu gaba. Kada ka yi. Wannan aikin Alt+Tab ne, maɓallan sauya taga a madannai, can ne jeri yake bin wadda aka taɓa a ƙarshe. Ita sanda a tsaye take.

Haka batun tara tambura a tsakiya, irin na Dock da Windows 11. Yana da kyan gani, kuma a kan allo mai faɗi sosai yana rage wa hannu tafiya. Sai dai duk lokacin da sabuwar manhaja ta buɗe, kowa sai ya ɗan gusa. Idan ka zaɓi tsakiya, ka ajiye hanyar mayar da su gefe.

Mataki na 3: Manna ta da bakin allo

A 1954 Paul Fitts, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya kai ga abu ya danganta da nisan abin da kuma girmansa. Ga kwamfuta, bakin allo garaɓasa ne, domin kibiyar linzami ba ta iya wuce shi. Mutum zai iya wurga ta ƙasa da ƙarfi, dole ta tsaya a kan sanda. Kusurwa kuwa ta fi ko'ina sauƙin samu, shi ya sa maɓallin da aka fi bukata ya cancanci kusurwa.

Windows 95 ta yi asarar wannan da ɗan ratan da ta bari tsakanin maɓallin Start da ainihin kusurwa, sai daga baya aka gyara. Yau ma masu son sanda mai shawagi suna maimaita kuskuren. In kana son ratan don ado, ka zana shi a ido kawai, amma wurin da ke amsa danni ya kai har fiksel na ƙarshe, wato ɗigon ƙarshe na allo.

Tsayin sanda tsakanin fiksel 40 da 48 ya wadatar. Windows 10 tana kan 40, Windows 11 kuma 48. Don allon taɓawa, Apple yana ba da shawarar kada maɓalli ya gaza 44, Google kuma 48, kowa da ma'auninsa. Ka kuma yarda a kai sandar hagu ko dama, tunda allunan yanzu faɗi gare su, tsayi ne ke ƙaranci. Ubuntu, wani nau'in Linux, tun 2011 a hagu take ajiye tata. Sannan ka keɓe wa sandar filinta don kada taga ta shige ƙarƙashinta: a X11, ɗaya daga tsarukan da ke nuna tagogi a Linux, da _NET_WM_STRUT_PARTIAL ake yi.

Mataki na 4: Kowane hali da alamarsa

Kallo ɗaya ya isa mutum ya bambanta manhajar da ke rufe, da wadda ke buɗe a baya, da wadda yake ciki yanzu, da mai taga fiye da ɗaya, da mai neman a kula ta. Ɗigo ko ɗan layi a ƙarƙashin tambari ya isa ya ce tana buɗe. Wadda ake ciki, layinta ya fi tsawo, bayanta kuma ya yi haske. Kada ka dogara da launi shi kaɗai, akwai mutane da yawa da ba sa rarrabe ja da kore.

Abin da aka fi mantawa shi ne tsakanin danni da fitowar taga. In babu wani motsi, mutum zai ɗauka bai danna ba, ya sake, ya sake, ya tashi da tagogi uku. Tambarin ya motsa nan take.

Mai neman a kula ta kuma ta ƙyafta kaɗan, sannan ta tsaya da launinta tana jira. Kada ta faɗo gaba da kanta, wataƙila mutum kalmar sirri yake rubutawa.

Mataki na 5: Me danni zai yi?

Rubuta wannan a takarda kafin ka rubuta ko layi ɗaya na manhajar. Manhaja a rufe, danni ya buɗe ta. Taga ɗaya a baya, ya kawo ta gaba. Tana gaba, ya sauke ta. Tagogi da yawa, ya nuna ƙananan hotunansu da sunayensu a zaɓa. Dannin tsakiya, ko Shift haɗe da danni, ya buɗe sabuwar taga. Dannin dama ya kawo fayilolin baya-bayan nan, da kafewa, da rufewa, kuma rufewa ta kasance nesa da inda kibiya ke sauka.

Ƙananan hotunan nan kada su fito da zarar kibiya ta gitta, a jira kamar rabin daƙiƙa. Ka kuma bari a jawo fayil a riƙe shi kan tambari har tagar ta fito gaba. Ana ganin kamar ba kowa ke yin haka ba, amma da Windows 11 ta cire shi sai da aka mayar a 2022.

Mataki na 6: Gane taga ta wacce manhaja ce

Wannan ne ke cin lokaci. A Linux kowace manhaja tana da fayil ɗin .desktop mai sunanta da tambarinta da umarnin buɗe ta. Ita kuma taga tana zuwa da nata suna, WM_CLASS a X11, app_id a Wayland, magajin X11. Idan sunayen biyu ba su dace ba, sai ka ga tambari na biyu ya ɓullo kusa da wanda aka kafe, wani lokaci ma babu hoto. Layin StartupWMClass a fayil ɗin don wannan aka yi shi, ka duba shi tukuna. A Windows kuma AppUserModelID ke wannan aiki.

Jerin tagogi a X11 yana cikin _NET_CLIENT_LIST, wadda ke gaba kuma a _NET_ACTIVE_WINDOW. Wayland da gangan take hana manhaja leƙen tagogin wasu, don haka sai ta wata yarjejeniya ta musamman, irin wlr-foreign-toplevel-management da Sway, wani mai tsara tagogi a Wayland, ke amfani da ita. Ka saurari sanarwar sauyi maimakon tambaya kowane daƙiƙa, batir zai gode maka. Ƙananan tagogin tambaya, irin na “a adana ko a bari?”, ba sa bukatar gurbi.

Mataki na 7: Cikowa, madannai, allo biyu

In sanda ta cika, fara taƙaita sunaye, sannan ka haɗe tagogi, sannan ka tura ragowar cikin wani jeri a ƙarshe. Kada tambura su ƙanƙance har su gagari dannawa. Maɓallin Windows haɗe da lamba 1 zuwa 9 ya kai mutum ga tambarin da ke wannan gurbi. Mai allo biyu ya zaɓa ko kowace sanda ta nuna tagoginta kawai ko duka. A harsunan da ake rubutawa daga dama, kamar Larabci, jerin ya juya.

Mataki na 8: Gwaji

Buɗe tagogi 30 ka ga yadda za ta yi. Sa wata manhaja ta maƙale da gangan, ka tabbatar sandar ba ta maƙale tare da ita ba, kuma ana iya rufe ta daga nan. Zare allo na biyu ana tsakiyar aiki, ka duba inda tagoginsa suka koma. Daga nan ka ba wanda bai taɓa ganinta ba, ka ce ya kwafo jimla daga burauza zuwa takarda sau da yawa a jere, kai kuma ka yi shiru kana kallon hannunsa. Duk inda kibiya ta yi turus, ko ta sauka kan tambarin da ba shi ba, ka rubuta wurin, ka koma mataki na 2 da na 4 ka duba wanne ne ya jawo.