Yadda za ka gane mai ciwon damuwa ka taimake shi

Kar ka kalli aljihun mutum ka ce wannan ai ba shi da matsala, mai kuɗi ma yana kamuwa, sai dai gaskiya talauci da bashi suna ƙara haɗarin sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara.

In ka ga ya haura sati 2 ba barcin kirki, abinci sai ya ture kwanon gefe, waya na ta ƙara ba ya ɗauka, to zauna da shi ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta tura mutum ya aikata. Banda gori don Allah. In ya ce e, kar a bar shi shi kaɗai, a kwashe magunguna da guba daga ɗakin, ku wuce asibiti yau ɗin nan.