Aikin cike takardar haraji a Amurka: wane karatu ake buƙata, nawa ake samu?

Duk wanda ya kwana biyu a Amurka ya san yadda gari ke ɗaukar zafi daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu, kowa na rige-rigen neman wanda zai cike masa takardar haraji, shi ya sa sababbin zuwa ke yawan tambayata wai aikin nan sai mai digiri ne, kuma akwai samu a ciki ko dai wahalar banza ce.

Maganar digiri dai babu ita. Abin da gwamnatin tarayya ta wajabta wa duk mai karɓar kuɗi ya cike wa wani shi ne wata lamba da ake kira PTIN, a shafin hukumar haraji ta IRS ake nema, kusan dala 20 ce kuma duk shekara sai an sabunta. IRS ta taɓa yunƙurin tilasta jarrabawa amma kotu ta rushe tsarin a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2014. Sai dai wasu jihohi na da nasu sharuɗɗan. Kalifoniya sai ka yi kwas na awa 60 ka yanki inshorar lamuni ta dala 5,000, sannan duk shekara ƙarin awa 20, Oregon awa 80 ne da jarrabawa, Maryland ma akwai jarrabawa, New York kuma rajista take nema. Don haka jihar da kake zaune ita za ka fara dubawa.

Kafin nan ma, takardunka. In da bizar karatu ka shigo, wato F-1, kada ka kuskura ka fara karɓar kuɗin mutane a ɗaki da sunan taimako, sana'a ce kuma ba ka da izininta, za ka jawo wa kanka abin da ya fi ƙarfinka. Mai girin kad ko izinin aiki ba ruwansa.

Koyon kuwa ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Akwai shirin VITA inda 'yan sa kai ke cike wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta, horon kyauta ne, ka yi kaka ɗaya a can hannunka zai faɗa, ka san bambancin takardun shaidar kuɗin shiga, W-2 ta ma'aikaci da 1099 ta mai zaman kansa, ka san ɗalibin da bai daɗe da zuwa ba yawanci fom 1040-NR na baƙi zai cike ba 1040 na mazauna ba. Kamfanoni irin H&R Block su ma suna yin kwas kafin kakar ta shigo, cikin waɗanda suka gama suke ɗibar ma'aikata.

To kuɗin fa? Alƙaluman ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka sun nuna matsakaicin mai wannan aiki yana samun wajen dala 50,000 a shekara, amma kada wannan ya ruɗe ka, sabon shiga awa-awa ake biyansa kuma aikin na wata uku ne zuwa huɗu, ana wuce tsakiyar Afrilu shago ya yi tsit, sai ɗan abin da ba a rasa ba na waɗanda suka nemi ƙarin lokaci zuwa 15 ga Oktoba. Shi ya sa da yawa ke haɗa shi da wani aikin. Ni a ganina wanda ke son ya mai da shi sana'ar dindindin ya nufi matsayin EA kawai, wato Enrolled Agent, wakilin masu biyan haraji, IRS ce da kanta ke ba da shi, ba a tambayar digiri, jarrabawa ce kashi uku, ta ɗaiɗaikun mutane da ta kasuwanci da ta ƙa'idojin wakilci, kowane kashi tambaya 100. In ka haye kana iya tsaya wa kowa a gaban IRS in an taso shi da bincike, nan ne aiki ke zama na duk shekara, sai dai akwai karatun sabuntawa awa 72 duk shekara uku. CPA kam, wato lasisin akanta, doguwar hanya ce, sai da jami'a.

Abin da ba a koyarwa a kwas shi ne yadda za ka yi da mutanenmu. Wata shekara wani dattijo direban tasi ya zauna gabana ya zaro wata 'yar takarda da ya linke huɗu daga aljihu, sunayen 'ya'yansa ne shida da ke gida, ya ce ɗana duk wata ni ke aika musu na abinci da na makaranta, ka sa min su a takardar a rage min haraji. Na ce Baba wallahi na san kai ke riƙe da su, amma doka ta ce yaron da za a sa sai ɗan ƙasa ko mazaunin Amurka, ko Kanada ko Meziko. Ya ce ai wane ya sa masa bara har aka dawo masa da kuɗi masu kauri, na ce mu ga takardar baran, ya miƙo, wurin sa hannun mai cikewa fayau, ba suna ba lamba. Irin waɗannan IRS ke kira fatalwa, ya karɓi nasa ya ɓace, in wasiƙar bincike ta zo kai kaɗai za ta samu. Kai kuma da ka sa hannu da lambarka, akwai fom 8867 na nuna ka yi binciken da ya kamata kan rangwamen harajin masu yara da makamantansa, tarar sakaci ɗaya ta haura dala 500. Baba dai ya tashi ransa a ɓace, sai bayan kwana uku ya dawo da rasitan mai da gyaran mota cikin leda.

In so kake ka buɗe naka shagon, sai ka nemi EFIN, lambar aika takardu ta intanet, kyauta ce amma akwai zanen yatsa da binciken tarihinka na haraji, tana iya ɗaukar kwana 45, don haka tun wajen Oktoba za ka tura ba sai Janairu ta kama ba.