Dala a baki, tamma a waya: yadda nake karɓar kuɗi a shagona na Tawa

Shekara 19 ke nan ina zaune a shagon kayan masarufi a nan Tawa, dab da babbar kasuwa: shinkafa, sukari, mai, taliya, sabulu, ganyen shayi. Har zuwa damanar 2023 ciniki ɗaya na sani. Ka miƙo takarda, in jiƙa yatsa in ƙirga, in ba ka canjinka. In wani ya ce zai tura mini ta waya, sai in nuna masa hanyar gidan aika kuɗi, in ce ya je ya ciro, kayansa ba inda za su.

Da farkon shekarar 2023 mun ga abin da ya sami maƙwabta, lokacin da aka sauya takardun naira a Najeriya, mutanen Illela ta Najeriya suna da kuɗi a banki amma ba na cefane a aljihu. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mu kuwa ba mu shafa wa namu ruwa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyoyin ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO da UEMOA, suka ƙaƙaba mana takunkumi, takardar sefa ta yi wuya, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai cira. Malaman lakkol da ma'aikata, waɗanda su ne suka cika littafin bashina, albashinsu na nan a rubuce amma ba ya zuwa hannu. Dole na buɗe asusun waya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, sai dai waɗanda suka saba turawa ba su koma ɗaukar takarda ba, musamman matan da mazajensu ke ci-rani a Abijan ko Libiya, kuɗin cefane yana faɗo musu a waya kai tsaye.

Maƙwabtana na kasuwa sun dame ni da tambaya kan yadda nake karɓar kuɗi ta waya, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na koya, mafi yawansa da kuɗina na saye shi.

Ka fara da ware wa shago layinsa. Kada ka haɗa shi da lambar da uwargida ke kiranka, wadda yara ke ɗauka su kalli bidiyo. Ka je ofishin kamfanin da ƙafarka, da katinka na ɗan ƙasa, a rubuta layin da asusun da sunanka. Layin da aka buɗe da katin yaron shago ko na wani ƙane, ranar da wayar ta ɓata shi za a nema, ba kai ba, ko da kuwa ya tafi Agadas neman zinariya. Asusun iri biyu ne. Akwai na kamfanonin waya, irin su Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash, waɗanda ke aiki ko da ƙaramar waya mai maɓalli, ba sai da intanet ba. Akwai kuma na gidajen aika kuɗi, kamar MyNita da AmanaTa, su kuwa sai babbar waya da intanet. Ni biyu nake riƙe da su, ɗaya daga kowane ɓangare. Wanda za ka zaɓa, masu sayayyarka ne za su gaya maka: ka yi mako guda kana sauraron sunan da suke ambata. Sai ka rubuta lambar da manyan baƙi a kwali, da sunan da zai fito wa mai turawa, ka rataye inda ido zai gani. Faɗin lamba da baki cikin hayaniyar ranar Lahadi, neman rigima ne.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, don a nan na fi shan kashi. Mu da dala muke lissafi, waya kuwa da tamma take ƙirga, wato sefa ɗaya-ɗaya. Muddin takarda ce a hannu, wannan bai taɓa zama matsala ba. Ka ce dala ɗari, a miƙo maka takardar da aka rubuta wa 500, babu mai duba rubutun, launinta aka sani. A waya kuwa babu launi, sai ka danna adadin da kanka.

Wata Hajiya da ke saye wurina tun ina yaron shago ta ɗauki kayan dala ɗari uku. Ta miƙa wa jikanta waya ta ce, "Tura wa Alhaji ɗari uku." Yaron ɗan lakkol ne, ya danna 300 kamar yadda aka koya masa a aji. Na ji wayata ta yi ƙara, jama'a sun yi yawa, na ce Allah ya amfana. Sai da dare na ga 300 a inda ya kamata in ga 1500. Ba wanda ya cuce ni. Hajiya ta faɗi daidai, yaro ya rubuta daidai, jikka ɗaya da dala arba'in suka faɗa tsakanin harshe biyu. Kunya ta hana ni bin ta gida.

Tun daga ranar ba na barin kowa ya fassara farashi da kansa. In faɗa da baki yadda muka saba, sannan in buga adadin a na'urar lissafi in juya masa fuskarta, in ce, "Wannan za ka danna." Ƙa'idar ba ta da wuya. In dala ce, ka ninka sau 5: dala ashirin 100, dala hamsin 250, dala ɗari da hamsin 750. In jikka ce, ka ƙara sifiri uku: jikka biyu 2000, jikka goma sha biyar 15000. Kalmar da ta fi haɗari ita ce "dubu". Dubun tsoho dala dubu ce, wato 5000, dubun ɗan boko kuwa 1000. Duk wanda ya ce maka dubu, ka tambaye shi jikka nawa yake nufi. Sifirin ma a ƙirga shi da yatsa kafin a danna. Wani makiyayi daga wajen Abalak ya taɓa turo mini 150000 maimakon 15000, kuɗin ragunan da ya sayar ranar. Na mayar masa, amma mun ɓata rabin awa muna musun wa zai ɗauki kuɗin mayarwar.

Na biyu a muhimmanci: wayarka ce shaida, ba tasa ba. Mai saye zai juyo maka fuskar wayarsa, ga rubutu an ce an tura. Wannan hoto ne, kuma hoto ana iya gyara shi, ana iya nuna maka na jiya. Ko saƙon da ya shigo wayarka kada ka tsaya a kansa. Ka duba daga ina ya fito, don saƙon gaskiya da sunan kamfani yake zuwa, na ƙarya kuwa sau da yawa daga lambar mutum. Abin da ba ya ƙarya shi ne ka shiga asusunka ka ga abin da ke ciki ya ƙaru. Gani ya kori ji. Kaya ba sa tsallake kanta sai na gani, ko da mai sayen limamin unguwarmu ne. Yadda ake faɗa shi ne gwaninta. Ba na cewa ban yarda ba, sai in ce, "Malam, ɗan dakata, rezo ne yau yake mana nawa," in miƙa masa kujera. Rezo ba ya fushi in an ɗora masa laifi.

Akwai wata damfara da ta zagaye kasuwar nan har ta gaji. Saƙo zai shigo cewa an turo maka jikka hamsin. Kafin ka gama karantawa waya ta yi ƙara, murya na rawa: "Don girman Allah, Alhaji, kuskure na yi, kuɗin maganin mahaifiyata ne, ka mayar mini." Ka ce masa to, ka kashe, ka duba asusunka. Galibi ba abin da ya shigo. In ma ya shigo da gaske, kada ka tura wa wata sabuwar lamba da zai karanto maka. Ka ce ya kai ƙara ofishin kamfanin, su ne ke da hanyar mayar da kuɗi inda ya fito. Mai gaskiya zai je. Ɗan'uwan wannan shi ne mai kira ya ce daga kamfani yake, za a rufe asusunka ko ka ci kyauta, ka karanto masa lambar da ta shigo maka yanzu. Kamfani ba ya tambayar lambar sirri, kuma lambar da ke shigowa ta saƙo mabuɗin asusunka ce.

Lambar sirrin nan kada ta zama shekarar haihuwarka, ko 1234, ko ƙarshen lambar wayarka. Kada ka rubuta ta a bayan waya, na ga masu yi. Yaron shagona shekara shida muna tare, ina barin masa aljihun tebur cike da kuɗi in tafi masallaci, amma bai san ta ba. Ba zargi ba ne. Aljihun tebur cinikin yini ɗaya ne a ciki, waya kuwa wani lokaci jarin wata ne. In ba na nan, yana ganin saƙon shigowa ya rubuta a littafi, in na dawo in tabbatar.

Sai maganar la'ada. Tura kuɗi da cire shi ba kyauta ba ne, kowane gida da jadawalinsa, kuma yana sauyawa. Ka ɗauki hoton jadawalin da ke manne a bangon ofishinsu. Ribar da ke kan kwalin sukari ba ta da kauri, in kai ne za ka riƙa biyan kuɗin cira a kowane ciniki, ɗan dako ka zama. Ni na yanke: ƙaramin ciniki na ɗauke wa mutum, daga buhu zuwa sama kuwa sai mu yi magana kafin ya danna, ba bayan ya danna ba. Amma dabarar da ta fi ita ce kada ka cire kwata-kwata. Abin da ya shigo ta waya ya fita ta waya. Dilan da nake sarin kaya wurinsa a Ƙonni yana karɓa, kuɗin wuta na NIGELEC da shi nake biya, ɗana da ke jami'a a Yamai da shi nake aika masa. A da sai in naɗe kuɗi a leda in ba direba amana, in kwana ina tunanin hanya mai fiye da kilomita 500.

Ranar da rezo ya ɗauke, ko wuta ta tafi wayar ta mutu, littafin bashi ne ke ceto. Wanda na sani in rubuta ya tafi da kaya, baƙo ya yi haƙuri. Abu ɗaya: in mutum ya tura, an cire a wajensa amma bai iso maka ba, kada ka ce ya sake turawa. Ku rubuta lambar shaidar da ke cikin saƙonsa, da lokaci, da adadi. Sau da yawa yana isowa daga baya, in ya sake kuwa sai biyu su faɗo tare, ka shiga aikin mayarwa.

Littafina yanzu shafi biyu ne, hagu kuɗin hannu, dama kuɗin waya. Bayan isha'i nake bin saƙonni ɗaya bayan ɗaya ina sa alama. Kuɗin waya ba shi da nauyi a aljihu, shi ya sa yake zurarewa: kredi nan, gudummawar biki can, ƙane ya kira a tura masa na mai. Watan farko da na yi sakaci, kaya sun ragu a kanta, waya ba komai, kuma ba ɓarawon da zan kama sai ni. In zakka ta zo a haɗa da abin da ke ciki, dukiya ce. Kuma a bangon littafin na rubuta sunayen asusun da nake da su da lambobin wayar, ban da lambar sirri, na nuna wa babban ɗana. Mun binne wani abokin kasuwa bara, magada suka raba kaya da kuɗin akwati, sai bayan watanni aka gane akwai wani abu a layinsa, layin kuma da sunan wani yake.

Katin banki ba zan daɗe a kansa ba, don a kasuwarmu bai yi nisa ba. Ina da shi, mai alamar GIM-UEMOA, yana cira a injin bankunan da ke cikin tsarin a ƙasashen sefa takwas, amma in ba injin bankinka ba ne akwai ƙarin caji. In ka kuskure lambar sau uku, katin ya kulle. Na'urar da ake biya da kati kuwa, a manyan kantuna da otel-otel na Yamai na fi ganinta. Mai sayen taliya ƙulli biyu ba zai zaro maka kati ba.

Kada kuma ka yi gaggawar jefar da gwangwanin canji. Tsohuwar da ke kwance bakin zanenta ta ciro dala goma ta sayi gishiri ba ta da waya, mai kawo mini ruwa a kura ba ya karɓar saƙo, ɗan dakon da ke sauke buhu yana son ya ji ƙarfe a tafinsa, almajiran Juma'a ma haka. Abin da na lura shi ne tun da manyan ciniki suka koma waya, canji ya ƙara wuya a shagon, don masu kawo shi sun ragu. Saboda haka duk ranar Asabar da yamma nake aika yaro wurin mai shayin bakin tasha da takardar jikka goma, ya karyo mini ita 'yan dala goma-goma da ashirin-ashirin, kafin kasuwar Lahadi ta ci. Mai shayin yana riƙe dala ashirin ladansa, kuma ya ce in na kuskura na turo masa ta waya, kada in ƙara aiko yaron.