Yadda ake koya wa ƙaramin zanzaro sanin ƙamshi

Tun shigowar tsutsar masara Ghana a 2016 manoman kewayen Kumasi ke fama da ita. Amma tana da nata dodon: ƙaramin zanzaro, wanda macen ke huda tsutsa ta saka ƙwai, 'ya'yan su cinye ta daga ciki. Da ƙamshi take gano inda tsutsa take, kuma tana iya koyon sabon ƙamshi. Malamin kimiyya a Aboabo ko Asawase zai iya gwada wannan da ɗalibansa.

Fara da tsinto tsutsotsi a gonar da ba a yi wa feshi ba. Kowace ka ba ta kwalbarta da ganyen masara, don manyan suna cinye junansu. Wadda aka saka wa ƙwai za ta mutu, zanzaro ya fito bayan kwanaki. Ba duka ba ne, sai ka tara da yawa.

Sai koyarwa, inda aikin yake. Ka bar zanzaron kwana ɗaya da ruwa kaɗai, ya ji yunwa. Ɗiga ruwan sukari a auduga, ka aje ɗigon banila dab da shi. Ya sha na daƙiƙa 10 yana shaƙar ƙamshin, ka janye shi ya huta minti ɗaya, ka maimaita har sau 3. Kada ka tsallake hutun nan. A Wageningen ta Holan an gano nau'in zanzaro mai suna Cotesia glomerata darasi ɗaya ya ishe shi, amma Cotesia rubecula sai an yi masa uku da tazara kafin abin ya zauna.

In macen kake so ta nemi tsutsa, maye gurbin sukari da kashin tsutsa, ta taɓa shi da 'yan ƙahonninta. Haka masana kimiyya Joe Lewis da James Tumlinson suka yi a Amurka a 1988. A 1990 kuma Lewis da Takasu suka koya wa mace ƙamshi biyu: mai yunwa ta nufi na abinci, wadda ta ƙoshi ta nufi na tsutsa. Ni wannan ne ya fi burge ni.

Gwaji na ƙarshe: samo bututu mai rassa biyu kamar gwafa, banila a reshe ɗaya, ɗayan babu komai. Saki su ɗaya bayan ɗaya, ka riƙa sauya ɓangaren banilar don kada haske ya ruɗe su, ka kuma gwada waɗanda ba a koya musu ba domin kwatanci.