Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe a lissafin mol

A ganina, yawancin makin da ɗalibai ke asara a tambayoyin mol na WAEC da NECO wuri guda yake zubewa: suna karanta ikweshon da giram, alhali kuwa shi da mol yake magana.

Mol adadi ne, kamar yadda dozin yake adadi, sai dai shi ƙwayoyi 6.02 × 10²³ ne. Dozin ɗin ƙwai da dozin ɗin kankana duk goma sha biyu ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba. Don haka idan aka rubuta 2H₂ + O₂ → 2H₂O, ana nufin mol 2 na haidurojin ne ke haɗuwa da mol 1 na oksijin. Wanda ya ɗauka giram 2 da giram 1 ake nufi, ya ɓata tun daga layin farko.

Ga misali. An ba ka giram 4 na haidurojin da giram 16 na oksijin, aka ce ruwa nawa za a samu? Mai gaggawa sai ya tara, ya rubuta giram 20. Ka fara mayar da kowanne mol. Nauyin mol ɗaya na H₂ giram 2 ne, kana da mol 2 ke nan. Na O₂ kuwa 32 ne. Nan ma akwai tarko, domin da yawa 16 suke sawa, sun manta atom biyu ne a manne. To giram 16 ɗin da aka ba ka a raba da 32, mol 0.5. Wannan rabin mol ɗin, mol 1 kaɗai na haidurojin zai ci, sai oksijin ya ƙare. Ruwa mol 1 za a samu, wato giram 18, giram 2 na haidurojin ya yi saura. Duk sanda aka ba ka adadin sinadarai biyu, nemo wanda zai riga ƙarewa, da shi za ka yi lissafi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne taɓa ƙananan lambobin ƙasa wajen daidaita ikweshon. Yaro ya ga oksijin bai yi daidai ba, sai ya mayar da H₂O zuwa H₂O₂. Wannan ai ba ruwa ba ne kuma, wani sinadari ne daban da ake wanke rauni da shi. Lambar gaba kaɗai ake canzawa.

A kula da baka, wato alamar ( ). Lambar 2 da ke bayan baka a Ca(OH)₂ ta shafi O da H duka: 40 + 2(16 + 1) = 74. Wanda ya sami 58, H kaɗai ya ninka.

Sai batun 22.4 dm³, wato girman wurin da mol ɗaya yake cikawa. Na iskar gas ne kawai, a zafin 0°C da matsin iska na atmosfiya 1. Idan aka gasa giram 50 na CaCO₃, dutsen nan da ake yin siminti da shi, mol 0.5 ne tunda mol ɗaya giram 100 ne, zai kuma fitar da mol 0.5 na CO₂, wato 11.2 dm³. Amma kada ka kai wannan lamba kan sinadarin da aka narka a ruwa. Can, don samun mol, ƙarfin haɗin ake ninkawa da yawan ruwan, bayan an raba cm³ da 1000. Idan 25 cm³ ne na NaOH mai ƙarfin 0.1 mol/dm³, amsa mol 0.0025 ce. In ka ga 2.5 a takardarka, koma ka raba da 1000.