Yadda Za Ka Yanke Shawara Kafin Ka Shiga Wasan Intanet Mai Tara Dubban 'Yan Wasa

Wasannin da ake kira MMORPG, wato wasannin intanet masu tara dubban 'yan wasa, sun sha bamban da wasan da mutum yake kunnawa shi kaɗai a waya ko a kwamfuta. A cikinsu kana ƙirƙirar jarumi guda, ka ba shi suna da kama da sana'a, sannan ka shiga da shi wata duniya wadda dubban mutane suke yawo a cikinta a lokaci ɗaya, kuma duniyar nan tana ci gaba da tafiya ko kana ciki ko ka kashe na'urarka ka kwanta. Ba su da maɓallin dakatarwa, kuma ba a gina su domin a kai ƙarshensu ba. RuneScape ya fito a 2001, World of Warcraft ya biyo baya a 2004, kuma har yau ana ƙara wa kowannensu sababbin yankuna da dodanni. Saboda haka abin da ya kamata ka fara aunawa shi ne makonka, tun kafin ka kalli hotunan wasan ko ka saurari abokin da yake yi maka kwaɗayinsa.

Ka ɗauki takarda ka rubuta sa'o'in da suke naka na gaskiya bayan ka cire barci da aiki ko karatu da haƙƙin iyali. Yawan sa'o'in yana da muhimmanci, amma yadda suke a jere ya fi shi. Mutumin da yake da minti 20 nan, minti 30 can, zai iya kamun kifi ko sarar itace a Old School RuneScape, wanda aka kawo shi waya a 2018, domin ayyuka ne da ake ajiyewa a duk lokacin da aka so. Wanda yake son shiga farmakin taro kuwa, inda mutum 8 a Final Fantasy XIV ko mutum 20 a mataki mafi wuya na World of Warcraft suke haɗuwa su yaƙi babban dodo, yana buƙatar sa'a biyu ko uku a jere waɗanda ba wanda zai kira shi a cikinsu.

A nan ne nake ganin yawancin sababbin shiga suke kuskuren lissafi, don haka zan tsaya a kai. A irin wannan yaƙi kowa yana da aikinsa: akwai wanda yake tsayawa gaba a matsayin garkuwa yana shan dukan dodo, akwai mai warkar da raunukan sauran, akwai masu kai sara. Ka ɗauka kai ne mai warkarwa, an shafe minti tara ana fafatawa, jinin dodo ya kusa ƙarewa, sai aka ƙwanƙwasa maka ƙofa. Idan ka tashi na daƙiƙa goma, na gaba zai faɗi, sauran su bi shi ɗaya bayan ɗaya, mutum bakwai da suka ware darensu su koma farko. Idan ka zauna, ka bar wanda yake bakin ƙofa a tsaye. Na taɓa zama a wannan kujera, hannuna a kan madannai kunnena yana waje, kuma daga ranar na fahimci cewa shiga ƙungiyar farmaki alkawari ne da mutane masu rai waɗanda suke jiranka a ranar da aka sa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ƙungiyar da ta taimake ka ka samu makami mai kyau za ta sa ran ganinka a mako mai zuwa. Idan rayuwarka ba ta ba ka damar ɗaukar irin wannan alkawari a yanzu, ka zaɓi wasan da za ka ji daɗinsa kai kaɗai ko da mutanen da tsarin wasan yake haɗa ka da su na ɗan lokaci, kuma ka faɗa wa duk ƙungiyar da ta gayyace ka gaskiyar lokacinka tun ranar farko.

Bayan lokaci, sai ka tambayi kanka abin da kake nema. Richard Bartle, wanda shi da Roy Trubshaw suka samar da wasan MUD a Jami'ar Essex ta Ingila, kakan waɗannan wasanni gaba ɗaya, ya kasa 'yan wasa kashi huɗu a 1996: masu son cin buri da hawa mataki, masu son leƙa kowane lungu, masu son hira da zumunci, da masu son kayar da wasu 'yan wasa. Rabon ba cikakke ba ne, amma yana taimakawa wajen zaɓi. Mai son labari mai tsawo zai fi sakewa a Final Fantasy XIV ko The Elder Scrolls Online. Mai son kasuwanci da siyasar ƙungiyoyi zai same su a EVE Online, wasan jiragen sararin samaniya, sai dai ya sani cewa a can jirgin da aka tarwatsa ya tafi ke nan, kuma dokar wasan ba ta hana wani ɗan wasa ya yaudare ka ya kwashe dukiyarka ta cikin wasan ba. A yaƙin da aka yi a wani yanki na wasan mai suna B-R5RB a Janairun 2014 an kwashe kusan sa'a 21 ana gwabzawa, aka hallaka manyan jirage 75 na ajin Titan, waɗanda aka ɗauki watanni ana ƙera kowannensu. Wasu wannan haɗari ne yake riƙe su shekaru goma, wasu kuma asarar farko ce take korar su, kuma gara ka san a wane ɓangare kake.

Masu son hawa mataki su lura da yadda ake tsara hawan. A RuneScape ana buƙatar maki 13,034,431 kafin a kai mataki na 99 a sana'a ɗaya, kuma wanda ya kai mataki na 92 rabin hanya kawai ya ci. Kwanakin farko na kowane irin wannan wasa suna cike da lada a kai a kai, daga baya tazara ta yi ta faɗaɗa har mutum ya tsinci kansa yana nanata aiki ɗaya na sa'o'i. Idan nanatawa tana gundurar da kai, daɗin makon farko ba zai gaya maka gaskiyar wata na uku ba.

Batun kuɗi ya kasu uku. World of Warcraft da Final Fantasy XIV suna karɓar kuɗin wata, ban da sayen sababbin babuka, wato ƙarin yankuna da labarin da ake yi wa wasan. Guild Wars 2, wanda ya fito a 2012, ba ya karɓar kuɗin wata, babukan kawai ake saye. Sai waɗanda ake shiga kyauta, kuma su ne suka fi buƙatar sa ido, domin da yawansu suna jinkirta ci gabanka da gangan sannan su sayar maka da hanyar sauri. Ka duba shagon cikin wasan kafin ka ƙulla zumunci da kowa: idan tufafi da ado ake sayarwa, da sauƙi, idan ƙarfi ake sayarwa, ko akwatunan sa'a da ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya, ka yi nesa da shi. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna caca ne, kuma ina ganin ta yi daidai.

Na'ura da intanet ba sa buƙatar dogon bayani. Manyan wasannin kwamfuta suna cin fili da ya kai ko ya haura gigabait 100, kuma sabuntawa ce take cinye data fiye da yin wasan kansa. Ka zaɓi sabar da ta fi kusa da kai, wato kwamfutar kamfanin da wasan yake gudana a kanta, ka duba jinkirin saƙo tsakaninka da ita: ƙasa da milisakan 100 yana da kyau, idan ya haura 200 za ka riƙa ganin ka kauce wa hari amma ya same ka.

Idan duk wannan ya yi daidai, gani ya kori ji, sai ka gwada ba tare da ka biya komai ba. World of Warcraft yana barin ka ka yi wasa kyauta har mataki na 20. Final Fantasy XIV yana da gwajin kyauta mai tsawo wanda ba a ƙayyade masa kwanaki ba, ko da yake ba za ka iya ciniki da wasu ko shiga ƙungiyar 'yan wasa ta dindindin ba, kuma da zarar ka sayi wasan ba ka da damar komawa gwajin, don haka kada ka yi gaggawar biya. Ka ba kanka mako biyu, ka sa wa kowane zama lokacin tashi tun kafin ka zauna, domin tun ran gini ake zane. A ƙarshen makonnin ka duba abu uku da idon basira: sau nawa ka wuce lokacin da ka sa, me ka fasa yi saboda wasan, kuma kana shiga ne don marmari ko don tsoron kada ladan yau ya wuce ka.

Tambaya ta ukun ita ce mafi nauyi, domin an gina ayyukan kullum da na mako ne don su dawo da kai, har ma a Final Fantasy XIV mai gida a cikin wasan yana iya rasa gidansa idan ya yi kwana 45 bai taka cikinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya larurar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka, kuma alamun da ta bayyana su ne kasa sarrafa lokacin wasa, fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba da shi duk da ɓarnar da yake jawowa, yawanci na tsawon wata 12. Kaɗan ne daga cikin 'yan wasa suke kai wa wannan hali, amma wanda ya san ya taɓa fama da caca, ko yana fuskantar jarrabawa, ko yana gudun wata damuwa ce da ya kamata ya tunkara, ya fi masa alheri ya ɗage shiga zuwa wani lokaci.

Ka kuma sani cewa jarumin da za ka ƙirƙira yana zaune ne a kwamfutocin kamfani. An rufe Star Wars Galaxies a 2011, City of Heroes a 2012, WildStar a 2018, kuma ranar da kamfanonin suka kashe sabobinsu, mutanen da suka zuba shekaru sun rasa gidajensu da makamansu a dare ɗaya. Saboda haka idan ka yanke shawarar shiga, ka biya wata ɗaya kawai da farko, ka kashe sabunta biya ta kai tsaye, ka kunna matakin tsaro na biyu a asusunka, sannan idan ka samu abokan da kuka saba, ku yi musayar hanyar da za ku riƙa gaisawa a wajen wasan.